Yaron da ke Cikin Kwallar Mama

Tun ranar da na dawo daga Kaduna ba ku bar ni na sha ruwa ba. Danladi ya tare ni a bakin shago, wai ya birni, na hau gadar sama? Bulus kuma cewa yake na je na ci shinkafar manya, ko cincin ban riƙo masa ba. To ga shi zan rubuta sau ɗaya a nan zaurenmu, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Na san abin da kuke faɗa a bayana: Ayuba mai walda, in ya ce maka gari ya waye, leƙa waje ka duba. Ban musa ba, ina ƙara wa miya gishiri. Amma wannan karon inda na ƙara za ku gane, inda ban ƙara ba ma za ku gane.

Ni ba yawon Kirsimeti na je ba. Mama na raka. Ita kuma Mama yaro ta raka.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakinta ya san wata kwalla mai furanni a saman kabad, wadda ko ƙuda bai isa ya sauka a kai ba. Ga asalinta. Lokacin muna zaune a Doka, cikin garin Kaduna, a cocinmu na Katolika, in Kirsimeti ta matso ana gina 'yar bukkar ciyawa kusa da bagadi, a jera Maryamu da Yusufu da tumaki da jaki, amma komin a bar shi wayam. Sai daren jajiberi, in aka tayar da waƙar Ɗaukaka ana kaɗa ƙararrawa, sannan a shigo da siffar Jariri Yesu a kwantar. Kafin wannan lokacin ba mai ganinsa. Mama ce mai ajiyarsa. In an kwashe bukka sai ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta sa a kwalla, ta kai gida sai wata shekara. Mu kanmu ba mu samu irin wannan gata ba.

Ranar da gari ya rikice, ba sai na faɗi wace rana ba, kowa a nan yana da tasa, mun riga mun shiga motar da za ta tsallakar da mu kogi sai Mama ta tuna da kwalla. Yayana Ima, wato Imanuwel, ya koma da gudu ya ɗauko, ya miƙa mata ta taga. Sai ya ce bari ya ɗauko takardunsa na makaranta, minti biyu. Minti biyun nan yau shekara ashirin ke nan da ɗoriya. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya ce ya gan shi.

Da muka dawo Zonkwa, Mama ta ɗora kwalla a kan kabad, ta durƙusa, ina jin ta da kunnena ta ce wa Uwa Maryamu: "Naki yana hannuna. Ranar da kika dawo mini da nawa, ki zo ki karɓa." Kun gani ko? Kafin 'yan daji su koyi garkuwa da mutane uwata ta riga su, kuma ba ƙaramin mutum ta kama ba. Tun daga ranar, duk watan Nuwamba in ana rubuta sunayen matattu don a yi musu addu'a, Katikis, mai taimakon Fada a coci, ya zo ya lallaɓa ta, ta ce ita ba ta da mamaci sai mijinta.

Bana ciwo ya kwantar da ita. Ƙafa ta kumbura, numfashi sai ta yi ciniki da shi. Ranar Lahadin da aka kunna kyandir na uku na jiran Kirsimeti ta kira ni.

"Ayuba, za ka kai ni Kaduna. Ran jajiberi zan kwantar da shi a kominsa, da hannuna."

Na ce, "Mama, likita ya ce ko kasuwa kada ki je."

"Likita ne ya haife ka?"

Magana ta ƙare.

Saura kwana biyu Kirsimeti muka je tasha. Kowa yana barin birni yana dawowa gida, mu kaɗai muke yin gaba kamar akuyar da ta kwance. Direba ya ga kwalla ya ce a sa ta a but, inda ya riga ya loda doya da wani bunsuru mai warin da ya kai Kachia kafin mu. Mama ta rungume abinta ta ce, "Sau ɗaya aka kwantar da shi cikin dabbobi, ya isa." Dole na yi wa motar bayani. Wani mai kwat a gaba ya juyo ya ce, "Ku 'yan Katolika da gumakanku." Na ce, "Oga, hoton madam da na gani a fuskar wayarka, bauta mata kake yi?" Matar tana gefensa ta ce, "Ai da ya yi, da ya ga albarka." Mota ta kwashe da dariya. Har Mama ta ɗan murmusa. Wannan ne murmushinta na ƙarshe a wannan rana.

Bayan Kachia muka tarar da shingen sojoji. Wani dogo ya leƙo, Hausarsa a karkace.

"Mama, mene a cikin kwano?"

"Yaro ne."

"Yaron wa?"

"Ba nawa ba ne. Na wata ne na riƙe."

Jama'a, kafin na buɗe baki an ce kowa ya sauko. Bindiga ɗari na ƙirga a kaina. To, biyu ne, amma in tana kallonka ɗaya ma ɗari ce. Mai kwat ya fara rantsuwa bai taɓa ganinmu ba. Mama ta ce ba za a buɗe shi a gaban jama'a ba, lokacinsa bai yi ba. Da ƙyar na roƙa, sojan ya yarda ya zagaya bayan mota, ta ɗaga masa murfi shi kaɗai. Ya daɗe yana kallo. Sai ya cire hular ƙarfensa, ya yi alamar giciye, ya ce, "Mama, ki gaishe shi. Ni bana ba zan samu coci ba."

Da yamma muka shiga Kaduna, muka canza mota, muka nufi gada. Ku da kuke jin ana kiran gadar kogin nan boda, wai ita ta raba ɓangaren Kirista da na Musulmi, to ga boda. Ba fasfo, ba kwastan, ba wanda ya ce mana uffan. Ruwa ne kawai a ƙasa yana tafiyarsa. Amma tun ranar nan Mama ba ta sake taka wancan ƙetaren ba. Na shirya wata barkwanci tun daga gida don wannan wurin, na neme ta na rasa. Na zaci za ta rufe ido. Ina! Buɗe su ta yi. Duk namijin da muka wuce mai kamar shekara arba'in, mai tura baro, mai keke, mai sayar da rake, sai ta bi shi da kallo har wuyanta ya juya. Da na ankara, ni ma abin da nake yi ke nan.

Masaukinmu Unguwar Rimi, gidan ɗan Hajiya Binta. Hajiya maƙwabciyarmu ce a Doka, ƙofa na kallon ƙofa, a ɗakinta muka kwana biyu kafin a samo motar da ta fitar da mu ranar rikicin. Yanzu tana zaune wajen ɗanta mai aiki a ma'aikatar gwamnati. Unguwa ce da katanga ta fi mutane yawa. A nan Zonkwa in ka yi atishawa gida bakwai za su ce maka sannu, can kuwa sai ka mutu ka ruɓe maƙwabci yana wanke mota. Mai gadi ya buɗe get, sai ga Hajiya da carbi a hannu, ba takalmi.

"Maman Ima!"

A Zonkwa an daina kiranta da wannan suna, don kara. Mama ta tsaya cak. Sai suka rungume juna da kwalla a tsakani. Ni kuwa na tsaya ina karanta lambar mota kamar za a yi mini jarrabawa a kai.

Hajiya ta share ido ta dube ni. "Ayuba sarkin ƙarya, kai ne ka zama ƙato haka? Har yanzu kana yi?"

Na ce, "Umma, na tuba."

Ta ce, "Ga ta farko nan."

An kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, da man shanu har yana iyo. Na ci kamar an aiko ni. Sai banɗakinsu ya rama musu: na murɗa wani famfo, ruwan zafi ya feso mini a ƙeya, na fito da kumfa a ido ina kiran waliyyai da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Mama loma biyu ta yi ta ture kwano. Ina daga falo na ji Hajiya tana tambayarta, me ya sa sai yanzu? Mama ta ce, "Na gaji da gaba da Maryamu, mace 'yar'uwata, Hajiya. Ita ma nata kashe shi aka yi."

Yanzu ga inda laifina yake, kuma ba zan sa masa gishiri ba. A tunaninmu, ni da Mama, Misar jajiberi ta tsakar dare ce. Haka muka bar ta, haka muka zaci za mu same ta. Ban tambayi kowa ba. Washegari, ran jajiberi, da rana na bar Mama tana hutawa na tafi Doka ganin tsohon gidanmu. Babu shi. Jerin shaguna ne, ana sayar da tayil a daidai inda gadona yake. Layin cocin yana nan kusa, da na bi da na ga allon sanarwa. Ban bi ba, domin ta layin nan Ima ya yi kwana. Na samu wani mai shayi na zauna ina zuba masa cewa ni na yi waldar rabin gadojin garin.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Hajiya ce.

"Ayuba, kana ina? Maƙwabtanmu Kirista sun fita da anko tun ɗazu. Na aika an tambaya, wai ƙarfe biyar ake yi yanzu, an daina ta dare tun tuni. Ga mu nan a keke, ka same mu a can."

Ban san ina da gudu ba sai ranar. A bakin get na same su, Hajiya tana riƙe da Mama, Mama tana riƙe da kwalla. Ga boda ta biyu. A nan gida ka shiga coci da buhun gyaɗa ma ba mai kallonka. Can kuwa matasa ne da 'yar sandar nan mai ƙara, suna shafa kowa. Ba a shiga da jaka, ba a shiga da kwano. Yaran ba su yi rashin kunya ba, Allah ya sani. Ɗaya ya ce, "Mama, ki fito da abin da ke ciki mu gani, ki bar kwanon a nan." Mama ta ce ba a ganinsa kafin Ɗaukaka. Ya ce doka ce. Ta ce ita ma doka ce, kuma tata ta girmi ubansa. Ina tsakiya ina rantse-rantse, ina cewa a kira Katikis, a kira Fada, a kira Paparoma.

Sai ƙararrawa ta tashi. Duka, manya da ƙanana. Ganguna suka amsa, coci ya ɗauki Ɗaukaka.

Mama ta saki maganar da take yi a tsakiya. Ta nemi bencin masu gadi ta zauna, kwalla a cinya. Hajiya ta zauna gefenta ta kama hannunta. Haka muka ji Misar nan daga waje, tun daga farko har albarka, Katolika biyu da Hajiya ɗaya.

Da aka watse, Mama da kanta ta fito da shi a naɗe, ta bar wa Hajiya kwalla, muka shiga. An faɗaɗa cocin, ban gane komai ba sai ƙofar gefe. Bukkarsu kuwa ta fi shagona, fitilu suna ƙyaftawa ja da kore. A cikin komin ga wani jariri sabo fil, ƙato, kumatu kamar ya shekara biyu yana shan madarar gwangwani. Namu ko rabinsa bai kai ba, ga fenti ya koɗe. Mama ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce, a hankali, ba da ni take ba:

"Ashe tun tuni ta samu wani. Ni ce ban samu ba."



Wani tsoho yana tattara ciyawar da yara suka watsar. Ya matso, ya leƙa ƙyallen da ya ɗan buɗe, sai ya ajiye tsintsiya. Ya ce, "Wannan hannun ni na liƙa shi. Ga tabon gam ɗin nan." Ya ɗaga kai. "Saratu?" Baba Markus kafinta ne, shi ke gina bukkar tun muna yara. Ya ce sun zaci ya ƙone. Shekara uku 'yar tsana suka riƙa naɗewa suna kwantarwa. Yana dariya yana hawaye, ya dube ni ya ce, "Wannan ai Ayuba ne mai satar biskit. Ina Ima?"

Mama ta ja ƙyallen ta rufe jaririn. Ya dubi Mama, ya dube ni, ya cire hularsa.

Shi ya kai mu wajen Fada, wani matashi mai Hausar littafi. Ya saurari labarin duka bai katse ba. Ya ce ba zai iya ɗauke wanda aka riga aka kwantar aka sa wa albarka ba. Amma gobe da safe zai je wani ƙaramin coci a ƙauye bayan Rigachikun, su yau ba su samu Misar jajiberi ba don ba su da Fada, kuma hoton kalanda suke yankewa su sa a kominsu.

Mama ta ce, "Ba kominsa ba ne, Fada."

Ya ce, "Mama, ai na farkon ma aro ne."

Ta rungume yaron, muka koma gidan Hajiya. Da asuba na tarar ta riga ni shiri, ta ɗaura zanen Zumuntar Mata wanda ya girme ni.

A-kori-kurar Fada muka shiga, Mama a gaba, ni a baya da akwatin kayan Misa yana dukan ƙwaurina. Muka bi hanyar Zariya, muka ratse bayan Rigachikun, gonaki duk an girbe. Cocin ginin ƙasa ne da kwano, duk jama'ar ba su cika motar haya biyu ba. Bukkarsu ta ciyawa ce ta gaske, har wata akuya ta gaske tana cin bangonta, Katikis ɗinsu yana kora. Na ce masa ya ƙyale ta, ita kaɗai ce ta zo da shirin wasan.

Kafin a fara, Mama ta ce za ta yi ikirarin zunubanta a wajen Fada. Fada ya sa kujera a gindin mangwaro. Na zaci minti biyar. Har mata suka gama ɗumama tulunan kiɗa, suka huce, suka sake ɗumamawa. Daga nesa ba na jin komai, kafaɗunta kawai nake gani.

Da aka zo Ɗaukaka ba ƙararrawa, wani tsohon ƙarfen mota suke bugawa. Mama ta miƙe daga bakin ƙofa, ta buɗe ƙyalle. Daga ƙofar zuwa komin taku goma ne, ni da zan yi shi da tsalle biyu. Na kai hannu zan riƙe ta, ta ture. Tana taku ɗaya tana tsayawa neman numfashi. Waƙa ta ƙare tana tsakiya. Matan nan ba wanda ya ce musu komai, suka sake ɗauko ta daga farko. Sau uku suka yi ta. Wannan ban ƙara ko ɗaya ba. Ta durƙusa, ta cire hoton kalandar ta miƙa wa Katikis, ta gyara ciyawa da tafin hannu kamar mai gyara shimfiɗa, ta kwantar da shi. Ta ja ƙyallen ta rufe masa ƙafa. Ni na ɗaga ta, ba nauyi ko kaɗan.

Na ɗauka an gama. Sai aka zo inda Fada yake tuna waɗanda suka riga mu, ya ɗan yi shiru kamar yadda ake yi. Cikin shirun nan na ji muryar Mama, da ƙarfi, yadda take kiransa cin abinci:

"Imanuwel Yakubu."

Fada ya maimaita sunan. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suka ce amin. Na fita waje. Da Katikis ya biyo ni na ce masa hayaƙin turare ne ya shige mini ido. Ya ce, "Ɗan'uwa, ai ba mu da turare."

Bayan Misa sun ba mu faten tsaki da shinkafa, wata tsohuwa ta kawo wa Mama kaza da rai, wai tukuicin jariri. Kazar tana gidan Hajiya, mai gadi yana kiwo. Ranar da za mu taso Hajiya ta soya cincin da dambun nama za ta cika kwalla, Mama ta ce a'a, a bar ta haka. A get suka daɗe suna riƙe da hannun juna. Hajiya ta ce, "Sai kin sake zuwa, Maman Ima." Mama ta ce, "Ki yafe ni, Hajiya." Duk mun san abin da ake faɗa.

Da muka hau gada, ta jingina kai da taga ta yi barci. Ba ta kalli kowa ba.

A shingen Kachia dogon sojan nan yana nan. Ya leƙo ya washe baki.

"Mama! Ina yaro?"

Ta ɗaga masa murfi, wayam. Ta ce, "Na mayar wa uwarsa."

Ya nuna ni da haɓa. "Wannan ƙaton fa, na wa ne?"

Ta juyo ta dube ni kamar ta daɗe ba ta gan ni ba. Ta ce, "Wannan nawa ne."

To Bulus, ka ji inda cincin ɗinka ya tsaya. Kwalla ta koma saman kabad, murfinta a gefe. Mama tana kwance tun da muka dawo, kunu kawai take sha, amma jiya da kanta ta aika aka kira Katikis ta ba shi sunan ya rubuta. Ran Asabar da safe za a yi Misa domin Ima, ta farko. Ba gawa, ba kabari, sai mu. Ku zo da wuri, ku zauna kusa da ni. Kuma don Allah kada wanda ya tambaye ni gadar sama.